Otizim: yaran ne suka ƙaru ko awon ne ya faɗaɗa?

A Safo, cikin gundumar Madarunfa, kamar a sauran karkarar jihar Maraɗi, in yaro ya kai shekara 3 bai furta kalma ba, kuma ba ya waiwayowa in an kira sunansa, akan ce iska ta taɓa shi. Ga waɗansu daga cikin yaran nan likitoci na da wani suna: otizim.

A Amurka, inda ake ƙidaya, an samu yaro 1 cikin 150 a shekarar 2000, sannan 1 cikin 31 a 2022. Masana sun ce babban dalili shi ne awon ya faɗaɗa. A 1943 likita Leo Kanner ya bayyana wannan hali bisa yara 11 kacal. A 1994 kundin likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka ya shigar da masu magana sarai amma cuɗanya na yi musu wuya. Ana kuma duba jarirai tun suna wata 18. Yaran da a dā ake kira dolaye sun samu sunan halinsu.

Allurar rigakafin ƙyanda ba ta da laifi: rahoton da ya zarge ta a Ingila a 1998, an janye shi a 2010.

Don haka, iyaye a Safo, kada a ɓoye yaro, kada a ɗaure shi. A kai shi asibitin Madarunfa ko Maraɗi, a fara da duba kunnensa, tunda sanƙarau ma kan bar kurumta. Tun ran gini ran zane.