Gasar Ceton Rai a Cikin Ruwa: Wasan da Ake Tsere da Mutuwa

Galibi idan aka yi zancen gasar iyo, abin da ke zuwa zuciyar mai karatu shi ne mutum ya faɗa ruwa ya riga abokan karawarsa isa bakin ganga. Amma akwai wata gasar da saurin iyo kaɗai ba ya ba mutum nasara, sai ya fito da wanda ya nutse. Ita ce gasar ceton rai, wadda ke cikin jerin Wasannin Duniya da ake kira World Games.

Wannan taro ne na wasannin da galibinsu ba su samu shiga gasar Olamfik ba. An fara shi a shekarar 1981 a birnin Santa Clara na ƙasar Amurka, kuma ceton rai ya shigo tun a karo na biyu, wanda aka yi a Landan a 1985. An yi na 2022 a Birmingham ta jihar Alabama a Amurka, na 2025 kuma a Chengdu ta ƙasar Sin. Ƙungiyar ceton rai ta duniya, ILS, wadda aka kafa a 1993, mai cibiya a birnin Leuven na ƙasar Beljiyam, ita ce ke shimfiɗa dokokin wasan.

A tafkin gasa mai tsawon mita 50, ba mutum na gaske ake nutsarwa ba. Wani mutum-mutumi ne na roba ake cika wa ruwa, a ajiye shi a ƙasan tafki a matsayin wanda ya suma. A tseren mita 50, ɗan wasa zai yi iyo mita 25, ya nutsa ya ɗauko shi, sannan ya ja shi har ƙarshe. A tseren mita 200 na shinge kuwa, sau 8 ɗan wasa zai kurɗa ta ƙarƙashin shingen da aka gitta masa, kamar wanda ya ci karo da itace ko kwale-kwale a kan hanyarsa ta zuwa ceto.

Akwai kuma na mita 100, inda bayan iyon mita 50 sai mutum ya riƙe numfashi ya yi tafiyar mita 17 da rabi a ƙarƙashin ruwa kafin ya kai ga mutum-mutumin. Mafi wahala shi ne babban tseren mita 200: a yi iyo, a nutsa, a ɗauko na farko a kai shi bango, sannan a sa takalman iyo masu faɗi kamar wutsiyar kifi, a ɗauki abin shawagi mai igiya, a je a ɗaura wa na biyu a jawo shi. Maza da mata duk suna fafatawa, kuma ƙasashe irin su Italiya da Jamus da Ostareliya sun daɗe da yin fice.

Dalilin wannan wahala kuwa ba ɓoyayye ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya, a rahoton da ta fitar a 2024, ta ƙiyasta cewa kimanin mutum 300,000 ruwa ya ci a shekarar 2021, kuma idan aka auna da yawan jama'a, nahiyar Afirka ce ke kan gaba. Tun a 2021 Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe 25 ga Yuli ta zama ranar yaƙi da nutsewa. Kowane daƙiƙa da ɗan wasa ya rage a tafki, koyi ne na ranar da zai tarar da mutum na gaske.

Mu da ke karanta sanarwar rasuwa a gidan rediyo mun san yadda damina take. Yau yaro ne a kududdufin bayan gari, gobe kwale-kwale ne ya kife a kogin Kwara. Sau da yawa gawa biyu ake fitarwa, domin wanda ya yi tsalle don ceto shi ma bai ƙware a iyo ba, ko wanda ke nutsewar ya ƙanƙame shi.

A nan ne wani ɓangare na wasan, wanda ake yi a gasar zakarun duniya ta ILS, ya fi dacewa da mu, wato jifan igiya. Mai ceto yana tsaye a bakin tafki, ya naɗe igiya, ya jefa wa abokinsa da ke nisan mita 12 da rabi, ya jawo shi, duk cikin daƙiƙa 45. Bai sa ƙafarsa a ruwa ba. Ba sai da tafkin zamani ake koyon wannan ba. Igiyar guga da jarka mai murfi sun isa.

Muna da sarkawa da suka gaji sanin ruwa kaka da kakanni, ga kuma ƴan kwana-kwana. In da makarantu da masu unguwanni za su haɗa su da yara kafin saukar damina, da an rage kuka. Karo na gaba na Wasannin Duniya zai gudana a Karlsruhe ta Jamus a 2029. Ko ba mu je neman zinariya ba, mu koyi jifan igiya. Allah ya kiyaye mana ƴaƴanmu.