Wa Ya Kawo Cinikin, Talla Ko Sallah?

Duk shekara idan azumi ya yi nisa, 'yan kasuwar Kantin Kwari kan zuba kuɗi a tallan rediyo, wasu su biya masu tashe a TikTok su ɗaga musu atamfa da shadda. Ciniki ya yi kyau, sai a ce talla ta yi rana. Amma fa goman ƙarshe ce, lokacin da magidanci ba shi da makawa sai ya yi wa iyalinsa ɗinkin sallah. Da ba a yi tallar ba, turmi nawa ne za su kwana a shago? Wanda bai san amsar wannan ba bai san abin da kuɗinsa suka sayo masa ba.

Manyan kamfanoni ma sun daɗe cikin wannan duhu. A shekarar 2012 kamfanin eBay na Amurka, wanda ake saye da sayarwa a shafinsa na intanet, ya bar wasu masana tattalin arziki uku, Thomas Blake da Chris Nosko da Steven Tadelis, suka gwada tallarsa. Da farko an dakatar da tallar da ke fitowa a Yahoo da MSN idan mutum ya rubuta sunan eBay. Sai ga kashi 99.5 cikin 100 na masu zuwa shafin ta hanyar tallar sun ci gaba da zuwa ta hanyar da ba a biyan ko sisi. Ashe kamfanin yana biyan kuɗi ne don a nuna ƙofarsa ga mutumin da ya riga ya tsaya a bakinta.

Gwaji na biyu ya fi zurfi. An kashe tallar kayayyaki a Google a kusan kashi 30 cikin 100 na yankunan Amurka har kwana 60, sauran yankunan aka bar su yadda suke, sannan aka gwama cinikin ɓangarorin biyu. Sakamakon da mujallar Econometrica ta buga a 2015 ya nuna tallar tana tasiri a kan baƙi da masu saye jefi-jefi, amma yawancin kuɗin suna tafiya ne kan tsofaffin abokan ciniki waɗanda ko babu talla za su saya. Da aka haɗa lissafi, asara ce ta kusan kashi 63 cikin 100 na abin da aka kashe. A 2017 kamfanin Procter & Gamble ya rage dala miliyan 200 daga tallarsa ta intanet, kasuwarsa kuma ba ta girgiza ba.

Kada mai ƙaramin shago ya ɗauka ana cewa ya daina talla. Shi ba eBay ba ne, yawancin mutanen gari ba su san da zamansa ba, kuma irin waɗannan ne aka ga talla tana jawowa. Abin da ke damuna shi ne yadda ake ruɗar 'yan kasuwarmu da yawan masu kallon bidiyo da masu danna alamar so, alhali ba da su ake biyan kuɗin haya ba.

Awon tasirin talla bai fi ƙarfin littafin ciniki ba. A ware wa kowace talla lambar wayarta, ta rediyo daban, ta Facebook daban. Yaron shago ya riƙa tambayar duk baƙuwar fuska, "Hajiya, a ina kika ji labarinmu?", ya rubuta. A ƙarshen wata a cire uwar kuɗi da kuɗin tallar, a duba ribar da baƙin suka kawo, domin ciniki kan yi yawa riba ta yi kaɗan, musamman inda aka karya farashi ko aka ba da kaya bashi. A kuma lura da waɗanda suka dawo karo na biyu.

Sai mataki mai wuya, wato dakatar da tallar da gangan. Mai shago biyu ya yi talla a unguwar ɗaya ya ƙyale ɗayar; mai shago ɗaya ya yi wata guda da talla, wata guda babu. A zaɓi watannin da suka yi nesa da sallah da hada-hadar bukukuwa, kuma kowane zango ya cika wata cur, saboda mai albashi kan ji talla tun tsakiyar wata amma ba zai leƙo shago ba sai kuɗi sun shigo.