Ruwa Ne Ke Cin Kwalta: Titunan Kafanchan da Batun Lambatu

A watan Janairun 2022 Shugaba Muhammadu Buhari ya je Kafanchan ya buɗe tituna uku da gwamnatin Jihar Kaduna ta sake ginawa: Titin Ɗan Haya, Titin Katsina da Titin Fadar Sarki. Suna cikin shirin sabunta birane da Gwamna Nasir El-Rufa'i ya ƙaddamar a 2019 domin Kaduna da Zariya da Kafanchan. Mutanen gari sun yi murna, kuma da gaskiyarsu. Wanda ya shekara yana naɗe ƙafar wando da damina, yana shaƙar jar ƙura da rani, shi ya san darajar kwalta a ƙofar gidansa. Sai dai ranar yanke ƙyalle kowane titi kyakkyawa ne. Ana gane mai ƙwari ne bayan damina ta bi ta kansa sau uku ko sau biyar.

Damina kuwa a Kudancin Kaduna ba wasa ba ce. Ruwa kan sauka tun daga Afrilu har cikin Oktoba, abin da ake samu a shekara yakan haura milimita 1,400, wato ya ninka na Katsina. Ga duwatsun Kagoro a gefen gari suna koro ruwa da ƙarfi zuwa ƙasa. Duk wanda zai gina titi a nan, ko ya sani ko bai sani ba, da ruwa yake kokawa.

Da yawanmu muna ɗauka baƙar kwaltar da muke gani ita ce titi. A titin cikin gari kaurinta bai cika wuce santimita 4 zuwa 5 ba, bai kai tsawon ɗan yatsa ba. Abin da ke ɗaukar nauyin mota yana ƙarƙashinta. Da fari katafila za ta kwashe baƙar ƙasar sama mai saiwoyi da ruɓaɓɓen ganye. Sai tifa ta jibge marmara, gireda ta baje ta, motar ruwa ta yayyafa mata ruwa daidai gwargwado, rola ta bi ta daɓe, shimfiɗa bayan shimfiɗa. A kan wannan ake zuba fasasshen dutse, shi ma a daɓe shi, a fesa masa ruwan kwalta ya sha, sannan a kawo kwalta mai zafi a rufe. Marmara idan ta bushe tana da taurin gaske, amma da zarar ta jiƙe sharkaf sai ta saki jiki. Saboda haka babban aikin kwalta shi ne hana ruwa kaiwa ga marmara. Shi ya sa injiniya yake ɗan ɗaga tsakiyar titi, ya karkata shi zuwa gefe da kimanin santimita biyu da rabi a kowace mita, domin ruwa ya gangara ya faɗa lambatu, lambatu ya kai shi kwalbati, kwalbati ya fitar da shi rafi.

Yanzu a tsaya a dubi lambatu ɗaya a bakin kasuwa cikin watan Yuni. Ledojin fiya wata ne a ciki, da robobin lemo, da totuwar masara, da yashin da mai gini ya jibge a bakin titi ruwan farko ya wanko shi. Wani mai shago kuma ya zuba siminti ya rufe nasa ɓangaren ruf don ya sami wurin baje kaya, bai bar ko kafar da za a zura shebur ba. Ruwan da ya rasa hanya sai ya hau titi ya kwanta. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga: rana ta riga ta gasa kwaltar nan ta yi 'yar tsaga kamar zare, ta nan ruwa zai sulale ƙasa. Kowace taya da ta taka wurin tana matsa ruwan ciki, ta tsotso shi waje tare da laushin marmara. Ƙasa ta zama kogo, kwalta ta farfashe kamar fatar kada, ranar da tirela ta bi sai ta rufta. Ramin da bai fi faranti ba a watan Yuni, kafin Satumba ya ci rabin hanya, 'yan acaba da masu a-daidaita-sahu suna kauce masa suna cin gefen titi, gefen ma ya fara gutsurewa.

Nauyi shi ne abokin ɓarnar ruwa, kuma a nan tarihin Kafanchan ya shigo. Jirgin ƙasa ne ya raya garin. A 1927 ya zama mahaɗar layin dogo da ya taso daga Fatakwal da wanda ya nufi Kaduna da wanda ya hau Jos, har Sarkin Jama'a ya dawo da fadarsa nan daga Madakiya a 1933. Kaya masu nauyi a kan ƙarfe suke tafiya a wancan zamani. Da jirgi ya durƙushe, sai buhunan cittar Kachia da Kwoi, da masara, da siminti, da man fetur, duk suka koma kan taya. A wani gwaji da aka yi a Jihar Illinois ta Amurka daga 1958 zuwa 1960, an gano cewa idan aka ninka nauyin da ke kan layin taya ɗaya sau biyu, ɓarnar da yake wa titi takan ninka kusan sau 16. Tirela guda da aka yi wa lodi ya wuce ƙa'ida tana iya yi wa titi abin da dubban ƙananan motoci ba su yi ba. Titin unguwa kuwa ba don ita aka gina shi ba. An ƙaddamar da gyaran layin dogon Fatakwal zuwa Maiduguri a watan Maris na 2021. Ranar da jirgin kaya ya dawo Kafanchan sosai, tituna ma za su sami sauƙi.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne duk wannan ba sabon ilimi ba ne. Tun 1988 Bankin Duniya ya fitar da rahoto a kan ƙasashe masu tasowa 85, inda ya ce sun yi asarar tituna na kimanin dala biliyan 45, alhali gyaran da bai kai dala biliyan 12 ba, da an yi shi a kan kari, da ya hana asarar. Toshe tsaga da yashe lambatu da yin faci tun rami yana ƙarami su ne aiki mafi araha a harkar titi, su ne kuma aka fi yi wa riƙon sakainar kashi, domin ba a kiran makaɗa da 'yan jarida ranar da aka yashe kwalbati. Gwamnati ta fi son sabuwar kwangila mai allo da suna. Faci ma idan an tashi yi, sau da yawa marmara ake watsawa a rami a tafi. Facin ƙwarai sai an yanke bakin ramin ya yi kusurwa huɗu, an kwashe ruɓaɓɓiyar ƙasa har an tarar da mai tauri, an cike an daɓe, sannan a rufe da kwalta.

Sai kuma tambayar da talaka ke rasa amsarta: titin nan na wa ne? Manyan hanyoyi na Gwamnatin Tarayya ne, hukumar FERMA da aka kafa a 2002 ke kula da gyaransu. Na jiha suna hannun hukumar tituna ta jiha, KADRA. Na unguwanni da ƙauyuka nauyin Ƙaramar Hukumar Jama'a ne da takwarorinta. A 2021 kuma an kafa hukumar kula da birnin Kafanchan. Masu hannu sun yi yawa, ruwa kuwa bai san iyakar tarayya da jiha ba: idan lambatun unguwa ya toshe, babbar hanya yake zuwa ya ci. Ya kamata a ce kowane titi a garin yana da allo ɗauke da sunan hukumar da ke da alhakinsa, kuma kasafin kowace shekara ya ware kuɗin gyara daban da na sabon gini, a fitar da su tun Fabrairu ko Maris kafin ruwa ya sauka.

Mu ma mazauna gari muna da namu laifin. Bakanike da ke zubar da baƙin mai da gas a kan titi yana narkar da kwalta ne. Mai wankin mota a bakin hanya yana jiƙa gindinta kullum. Wanda ya fasa titi ya binne bututun ruwa ya mayar da ƙasa kawai, ya buɗe wa damina ƙofa.

Ina kira ga Sarkin Jama'a da sarakunan Fantswam da Kagoro, da masu unguwanni, da limamai da fastoci, da ƙungiyoyin 'yan kasuwa da direbobi da 'yan acaba: a tsayar da aikin gayya na yashe lambatu sau biyu a shekara, kafin ruwan farko da kuma tsakiyar Agusta. Ƙaramar hukuma ta kawo tifa ta kwashe abin da aka fitar a ranar, domin idan aka bar shi a bakin titi, ruwan dare ɗaya zai mayar da shi inda ya fito.