Waƙar Daka

Kun taɓa jin lugude da hantsi? Mata biyu ko uku ne suke kewaye turmi guda, kowace da taɓaryarta. Wannan ta buga, waccan ta ɗaga. Gwanarsu takan cilla taɓarya sama, ta tafa, ta cafe, kiɗa bai ɓaci ba.

Waƙa ita ke daidaita hannuwansu. In ɗaya ta kuskure, sai taɓare su yi karo, gero ya zube. A cikin waƙar kuma mace ke yabon ɗanta, ko ta yi wa kishiya habaici.

Da injin niƙa ya shigo gari, lugude ya ragu. Yawancin waƙoƙin nan kuwa ba a rubuta su ba, suna bakin kakanninku mata.