Yauri: Yadda karatun zaure zai koya wa ɗalibai tantance saƙon waya

A garuruwan Masarautar Yauri, daga Yelwa zuwa Wara da Shanga, ɗalibin Islamiyya yana ɗaukar darasi wajen malaminsa da yamma, da dare kuma ya ɗauki wani a WhatsApp ko TikTok. Na farkon ya san bakin da ya faɗa masa. Na biyun yakan iso ne ba suna, ba littafi, sai gargaɗin cewa wanda bai tura wa mutum goma ba zai ga abin da bai so.

Maganin wannan yana cikin littattafan da aka daɗe ana karantawa a zaurukan ƙasar Hausa. Shehu Muhammadu Sanusi na Tilimsan, marubucin Ummul Barahin, wanda ya rasu a 1490, ya kasa hukunci gida uku. Na shari'a ana sanin sa ta nassi. Na hankali tunani ke tabbatar da shi, kamar cewa ɗaya rabin biyu ne. Na al'ada kuwa maimaituwar abu ke nuna shi, kamar yadda wuta ke ƙuna. Amfanin rabon shi ne ɗalibi ya iya tambaya: wannan magana daga wane gida ta fito, kuma wa ke da ikon yanke ta?

Hukuncin al'ada ne ya fi shafar mutanen bakin ruwa. Ranar 26 ga Mayu, 2021, jirgin da ya taso daga Jihar Neja ɗauke da mutum sama da 150 ya nutse kusa da Wara a Ƙaramar Hukumar Ngaski, waɗanda suka tsira ba su da yawa. Hukumomi sun ɗora laifin a kan lodin da ya wuce kima. Musulmi ya yi imani da ƙaddara, amma Malikiyyar da Sanusi ya fito daga cikinta ba ta ce a yi watsi da sababi ba. Nauyin da jirgi zai iya ɗauka, da kututturan da ruwa ya rufe tun kammala madatsar Kainji a 1968, sani ne da ke hannun matuƙa da masuntan Gungawa. Malamin da ya koyar da babin ƙaddara tare da rigar kariya ta ruwa bai fita daga littafi ba.

Labari kuma yana da tasa ƙa'idar. Aya ta 6 a Suratul Hujurati ta yi umarni da bincike kafin a yi aiki da labarin wanda ba a amince da shi ba, malaman hadisi kuma suka gina ilimin isnadi a kan tambayar wa ya faɗa, wa ya ji. Iyayen da suka bi labarin sace ɗaliban Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yauri ranar 17 ga Yuni, 2021, lokacin da alƙaluma suka riƙa saɓa wa juna, sun san tsadar labarin da ba a tantance ba.

Inda gizo ke saƙar shi ne yawancin makarantu sun fi ƙarfi a hadda, malamai da dama kuma suna koyarwa ne a kan ɗan abin da iyaye ke bayarwa. Duk da haka, darasin ba ya buƙatar kwamfuta. Ya isa malami ya ware rabin sa'a a mako, ɗalibai su kawo saƙo ɗaya da ya yi yawo a gari, a nemi wanda ya fara faɗa, a buɗe Arba'una Hadis ko Riyadus Salihina a duba ko yana ciki.