Mene ne shingen bincike?

Da wuya a ba da labarin tsaro a Mubi ba a ambaci shingen bincike ba. Shi ne wurin da sojoji, 'yan sanda, jami'an kwastam ko na shige da fice ke datse hanya da ganguna, buhunan yashi ko katako mai ƙusoshi, domin tantance masu wucewa.

Direba kan rage gudu, ya tsaya, ya nuna takardu, a duba kayan da ya ɗauko. Idan ana zaman ɗar-ɗar, har fasinjoji akan sauke su ratsa da ƙafa. Shingen bincike ya sha bamban da dokar hana fita, wadda ke tsare kowa a gida, da kuma rufe iyakokin ƙasa, irin wanda gwamnatin tarayya ta yi a Agustan 2019.

Shingayen sun ƙaru ne saboda rikicin Boko Haram, wadda ta mamaye Mubi a ƙarshen Oktoban 2014, kafin a ƙwato garin a Nuwamba. Masu jin jiki su ne direbobin hanyar Yola da fataken shanu daga Kamaru, domin kowace tsayawa tana cin lokaci da kuɗi. Doka ta yarda da bincike, amma karɓar na goro a shinge laifi ne.