Cibiyar Tayar Keke: Yadda Mai Gyara Ya Ƙure Ni A Shanga

Ni malamin harshe ne, ba bakanike ba, saboda haka mai karatu na iya mamakin abin da ya haɗa ni da ƙarafan keke. A ranin da ya wuce na je gida Shanga da nufin tattara kalmomin Shanganci daga bakin dattawa, ganin yadda Hausa ke neman haɗiye harshen, sai na tarar da ɗan wana a zaure ya yi tagumi. Ashe tayar baya ta kekensa ce ta cije a hanya, yana ɗauke da buhun albasa, har kasuwa ta ci ta watse bai isa ba. Albasa kuwa ba ta jiran kowa.

Tun ranar 29 ga Mayu, 2023, da Shugaba Tinubu ya bayyana janye tallafin man fetur, magidanta da dama a ƙasar Yauri sun jingine babura sun kakkaɓe tsofaffin kekuna. Keken nan mai giya ɗaya, irin su Raleigh na Ingila da Phoenix na Sin da Hero na Indiya, shi ke kai kifi daga bakin ruwa, shi ke kai yaro makaranta. Nauyin duk wannan hidima kuwa yana sauka ne a kan wani ɗan ƙarfe da ke tsakiyar tayar baya, wanda masu gyara ke kira hob. A nan sai ɗabi'ar sana'ata ta motsa: Hausa ta daɗe da lanƙwasa boris da kotafin da feda da giris har sun zama ’yan gida, amma hob har yau baƙo ne, domin kalmominmu ba su saba ƙarewa da harafin b ba. Ni dai cibiya nake ce masa, tunda daga gare ta wayoyin taya ke bazuwa.

Na ɗauki alkawarin gyara, na nufi Yelwa, na sayo wata cibiya mai ƙyalli da aka cire daga keken gwanjo, ina taƙama na samo ta Turai. Mai gyaran unguwarmu ya jujjuya ta, ya yi murmushi, ya ce, “Dakta, Allah ya ƙara ilimi, amma wannan ba ta kekenmu ba ce. Ƙirga ramukan.” Na ƙirga, 36. Ya nuna mini rim ɗin yaron, ramuka 40. Tsarin da aka gada daga masana'antun Ingila ke nan, waya 32 a gaba, 40 a baya inda kaya suke, ko da yake akwai kekuna da yawa masu 36 gaba da baya. Bayan wannan, faɗin cibiyar tawa milimita 135 ne, na keken hawan dutse, alhali bakin firam ɗin kekenmu bai kai haka ba. Sandar tsakiyarta kuma rami gare ta, da ɗan maƙulli ake ɗaure ta, ba da noti ba. Mai giya ɗaya yana son sanda cikakkiya da noti biyu, domin su ke riƙe taya kada sarƙa ta janyo ta gaba idan aka taka da ƙarfi.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne batun boris. Cibiyar gargajiya ana kwance ta: ƙwallaye tara a kowane gefe, kowane rubu'in inci, suna gudu tsakanin kofi da kon. Ta zamani kuwa boris ɗinta a rufe yake, ba ya neman kulawa har ranar da zai mutu, ranar nan kuma sai an samo irinsa daidai lamba. A birni wannan alheri ne. Amma a wurin da keke ke ratsa rairayi da rani, ya ratsa fadama da damina, wani lokaci ma a aza shi a kwalekwale a tsallaka Neja da shi, na gamsu cewa wadda mai gyaran ƙauye zai buɗe, ya wanke da kananzir, ya cusa giris, ya sauya ƙwallaye da kuɗi kaɗan, ita ce ta talaka. Sharaɗin kawai a riƙa buɗe ta. Ta ɗan wana shekaru ba ta ga giris ba, ruwa ya shiga, tsatsa ta cinye kofin, kuma kofi idan ya rarake magana ta ƙare.

Akwai wani nau'in da ya kamata iyaye su sani, domin yakan ɓullo cikin gwanjo. Shi ne wanda haƙorin baya ke ɗaure kam da cibiya, babu firiwil, muddin taya na juyawa feda ma na juyawa. Da shi ake tseren cikin fili, kuma masu kai saƙo a Niyok sun mayar da shi abin yayi. Wasu cibiyoyin ma fuska biyu gare su, ana juya taya a sauya haƙori, kamar yadda ’yan tseren zagaye Faransa ke yi kafin a halatta musu na'urar sauya giya a 1937. Ana gane shi da tiredi hawa biyu, na wajen kuma hagu ake murɗa shi. Abin sha'awa ne ga saurayi mai wando matsattse. Ga mai babbar riga da buhu a kariya, a gangare, hatsari ne tsantsa. Mai birki a ciki kuwa, wanda ake taka feda baya ya tsaya, yana da ranarsa, tunda ruwa ba ya hana shi kamawa kamar yadda yake hana birkin rim, sai dai kayan cikinsa ne wahalar samu.

Da muka koma kan cibiya mai ramuka 40, sai mai gyara ya tambayi yaron haƙora nawa yake so a firiwil. Lissafin ba wuya: idan farantin gaba na da 44, na baya 18, kowane zagayen feda zai juya taya kusan sau biyu da rabi, idan 22 ne, sau biyu cif. Na farko gudu, na biyu ƙarfin jan kaya. Yaron ya dube ni, ya ce, “Baffa, a sa 18.” Mai gyara bai ɗago kai ba, ya ce albasa za ka kai ko tsere za ka? Aka sa 20, aka ƙara wa sarƙa gaɓa.

Kwana guda ya yi yana ɗaure wayoyin ɗaya bayan ɗaya, yana kaɗa taya yana kallon inda ta karkace. Tawa mai ƙyalli kuwa, wanda ya sayar mini ya ƙi karɓa, tana nan bisa teburina a ofis ina danne takardun jarrabawa da ita.